Dattijon da ya riƙe ni a Utah lokacin da na karye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin, amma duk sanda na ɗauko waya na fara sai zuciyata ta karye in ajiye. Labarin wani dattijo ne Bature, ɗan cocin nan da ake kira Mormon, ya rasu a 2022 yana da shekara 83. Ba zan faɗi sunansa ba, dama ni ban taɓa kiransa da suna ba, Baba nake ce masa har ya bar duniya.

Ni mutumin Funtuwa ne. Mahaifina tela ne a kasuwa, mutum ne mara yawan magana, zaka wuni dashi a shago ba ka ji komai ba sai ƙarar keke da rediyo. Na gama diploma na yi shekara uku ina yawon neman aiki, sai a 2011 wani abokina ya matsa min muka cike lotirin bizar Amurka a kafe. Wallahi mantawa ma nayi da zancen, sai a watan Mayu na 2012 muka duba muka ga sunana ya fito. Mu ne kusan na ƙarshe ma, don ba a jima ba aka cire Najeriya daga tsarin. Kuɗin zuwa Legas intabiyu, da na gwajin asibiti, da tikitin jirgi, duk gonar mahaifina aka sayar aka yi su, gonar da ya gada. Ranar da zan tafi ya rako ni tasha, abin da yace kawai shi ne ka riƙe sallah, ya juya. Ban san ganin ƙarshe kenan ba.

Na sauka Salt Lake City, babban birnin jihar Utah, a watan Maris na 2013 saboda wani ɗan unguwarmu yana can. Gari ne a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi da dusar ƙanƙara a kansu fari fat, ni da ban taɓa ganin sanyin da ya wuce na hunturun gida ba. Na samu aikin dare a wani katafaren sito, ɗaukar kwali da jerawa daga goma na dare zuwa shida na safe. Bayan wata huɗu wanda ya sauke ni ya koma wata jiha, sai na shiga neman ɗaki, a haka na ga tallar ɗakin ƙasa a wani gida a West Valley City, irin ɗakin nan da suke ginawa a ƙarƙashin gida, taga 'yar ƙarama daidai da ƙasa.

Shi ya buɗe min ƙofa. Dogo ne ya ɗan ranƙwafa, hannunsa kamar katako. Ya faɗa min sunansa yace da shi zan riƙa kiransa, nace a wurinmu ba a kiran sa'an uba da suna, abin kunya ne, yace to yaya kuke cewa, nace Baba. Ya maimaita kalmar sau biyu yana murmushi ya kira matarsa yace zo ki ji, na samu sabon suna. Ita kuma ta zama Mama daga ranar. A wurin aiki an riga an tsorata ni, wai 'yan Mormon ba za su barka ka huta ba sai sun shigar da kai addininsu, wai mata barkatai suke aura. To maganar mata dai cocinsu ta sanar da daina ta tun 1890, Baba matarsa ɗaya, 'ya'ya shida, jikoki sun haura ashirin. Wata shida na farko gaisuwa kawai ke haɗa mu, in biya haya in shige ɗaki, ina kaffa-kaffa da su.

A watan Janairu na 2014 na fito da daddare zan kama bas, ƙanƙara ta daskare a kan hanya ba a ganinta, santsi ya kwashe ni na faɗi a kan ƙafar dama. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Karaya biyu a ƙwauri, aka yi aiki aka sa ƙarfe. Tunda ba a wurin aiki abin ya faru ba babu wanda ya ɗauki nauyi, inshora kuma bani da ita, aikin ma na wucin gadi ne, sati biyu aka sa wani a gurbina. Da takardar kuɗin asibiti ta zo na lissafa da naira sai da na ji jiri, ko gonar nan goma aka sayar ba za ta biya ba.

Ina kwance da ƙafa a ɗaure, ranar wata Talata a watan Fabrairu wajen ƙarfe uku na dare waya ta yi ƙara, ƙanina ne, yace Yaya sai haƙuri, Babanmu ya cika bayan sallar azahar... a'a da safe ne a can, ni dai lissafin lokacin ma ya ɓace min a ranar, abin da na riƙe shi ne kafin gari ya waye a wurina har an kai shi makwancinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba kuɗin jirgi, ba ƙafar tafiya. Mutumin da ya sayar da gadonsa saboda ni, ban aika masa komai ba sai dala ɗari biyu sau biyu, ban ɗauki makararsa ba, ban zauna zaman makoki ba.

Abin da ya biyo baya shi ne nake so masu niyyar fita waje su ji da kyau. Na rufe kaina a ɗaki. Na daina ɗaga wayar gida don kunya, in na ɗaga ma ƙarya nake yi ince komai lafiya aiki ne ya yi yawa, ban taɓa faɗa wa mahaifiyata na karye ba. Sallah sai in haɗa uku huɗu, wata rana ma ban san ta wuce ba. Abinci sai burodi da ruwa. Nakan kwanta in ƙura wa 'yar tagar nan ido ina kallon ƙafafun mutane suna wucewa, zuciyata tana ce min kai ka kashe shi da baƙin ciki, kai asara ne. Haya ta taru wata biyu, duk sanda na ji takun ƙafa a sama sai gabana ya faɗi ince yau za a kore ni.

Ranar wata Litinin da yamma na ji ana saukowa a hankali, ana ƙwanƙwasawa. Baba ne da kwanon miya a hannu. Ya dube ni ya dubi ɗakin, bai tambaye ni haya ba, ya jawo kujera ya zauna yace Mama tace kwana tara bata ji ƙarar famfonka ba. Kawai sai na fashe da kuka, na faɗa masa komai. Bai yi ta bani baki ba, ya bar ni na yi mai isata, sannan yace tashi, yau Litinin, a gidan nan ba a barin mutum shi kaɗai ranar Litinin. Ya sa kafaɗarsa a hammatata, tsoho mai shekara saba'in da biyar, muka hau matakalar nan ɗaya bayan ɗaya.

Ashe al'adarsu ce, daren Litinin na iyali ne, ba a zuwa ko ina, a taru a yi addu'a a yi waƙa a yi hira a ci ɗan abin zaƙi. Falon cike da jikoki. Da suka fara addu'arsu nayi shiru a gefe ba wanda ya ce min komai. Can sai yaran suka fara cewa Kaka labarin amalanke, labarin amalanke. Ya cire tabarau ya ajiye a gwiwa, ashe alamar za a fara kenan, kowa ya yi tsit.

Labarin kakar mahaifinsa ne. Tana 'yar shekara takwas iyayenta suka baro Ingila a 1856 bayan sun shiga wannan addinin. Talakawa ne, ba su da kuɗin keken shanu, sai aka haɗa musu amalanken katako mai ƙafa biyu, miji da mata su ja, yara su tura, daga Iowa City har kwarin Salt Lake, tafiyar sama da kilomita 2,000 a ƙasa. Kowane babba kayan da aka yarda ya ɗauka bai kai kilo takwas ba. Ayarinsu ya makara wajen tashi, dusar ƙanƙara ta riske su a watan Oktoba a yankin da yanzu ake kira Wyoming, bayan sun tsallake kogi da ƙafa ruwa yana yanka kamar wuƙa. Gari ya ƙare har aka koma ba kowa ɗan abin da bai cika tafin hannu ba a wuni. A ayari biyu da suka makara a shekarar sama da mutum 200 suka mutu kafin masu ceto da shugaban cocinsu na lokacin, Brigham Young, ya turo su ƙaraso da su. Mahaifin yarinyar yana cikin waɗanda suka mutu, ƙasa ta daskare ba ta haƙuwa, dusar ƙanƙara kawai aka tara masa aka wuce, ita kuma ta rasa yatsun ƙafa uku.

Yadda yake bada labarin ne ba zan iya kwatanta muku ba. Yana kwaikwayon kukan ƙafar amalanke da bakinsa, ya rage murya in dare ya yi a labarin, ya tsaya cak a tsakiyar magana jikokin su ƙarasa masa don sun haddace. Ya tuna min da kakata ta wajen uwa in ta ce gatanan gatananku a tsakar gida, sai dai shi nasa ba gizo ba ƙoƙi, mutanen gidansu ne da sunayensu da shekarunsu. Da ya zo wurin binnewar ya ɗago ya dube ni yace yarinyar nan har ta tsufa ba ta san inda kabarin ubanta yake ba, amma ta ba 'ya'yanta labarinsa har ya iso gare ni, ga shi yau ya iso gare ka. Daren nan na yi alwala a zaune na rama sallolina.

Washegari ya zo da maganar abinci. Cocinsu suna da rumbu, kamar kanti ne amma ba a biyan kuɗi, shugaban unguwarsu da suke kira bishop shi ke sa hannu a takarda. Ranar Lahadin farko ta kowane wata suna azumi su bar cin abinci sau biyu, kuɗin abincin su bayar don mabuƙata, ban da kashi goma cikin ɗari na samunsu da suke fitarwa. Na ƙi, nace ni ba ɗan cocinku bane kuma ban zo Amurka bara ba. Sai ya cire tabarau. Yace shi makaniken manyan motoci ne a ramin tagulla na Bingham, a 1985 aka dakatar da aiki a wurin, ya dawo gida da 'ya'ya shida ba albashi. Yace wata uku yana fita da safe da kayan aiki don kar maƙwabta su gane, ya je ya zauna a mota, har ranar da ya tarar Mama tana ƙara ruwa a madara don ta isa yara. Yace ranar ya je ya karɓi takardar, kuma yafi jin kunyar wata ukun nan akan karɓar. Na karɓa. Mama da kanta take duba jikin kowane gwangwani ta ware wanda ke da alade. Haya kuwa yace in na miƙe ma yi magana, ya kuma zauna dani muka cike takardun neman sassauci a asibiti, aka yafe kaso mai yawa sauran na biya kaɗan kaɗan cikin shekara huɗu.

Shi ne kuma ya sa ni gaba sai da na kira mahaifiyata na faɗa mata gaskiya. Tace dama jikinta ya bata.

Wata Litinin ɗin yace yau kai zaka bamu labari, waye kakanka. Su mutane ne masu bin asali, suna da wani babban ɗakin ajiyar tarihin zuri'a a tsakiyar Salt Lake City, Baba yana iya jero kakanninsa har bakwai, kuma tun yana ɗan shekara sha tara yake rubuta abin da ya faru dashi kullum, littattafan sun cika kabad. Ni kuwa na buɗe baki na tarar sunan kakana kawai na sani, sai cewa wai ya je Makka a ƙasa. Baba ya zabura kamar an tsikare shi, a ƙasa? Daga ina zuwa ina, shekara nawa, da wa ya tafi? Ko ɗaya ban sani ba. Shekara ashirin da takwas ina zaune kusa da mahaifina ban taɓa tambayarsa ba, wannan ya fi karayar ƙafar yi min ciwo. Yace waye ya rage da ya sani, nace sai Gwaggo, yayar mahaifina. Ya tashi ya ɗauko sabon littafin rubutu da biro ya ajiye min a cinya, yace gobe ka kira ta, tsofaffi ba sa jira.

Haka na riƙa sayen katin waya ina kiran ƙanina ya kai mata. Da farko tana cewa kai kuma me ya kawo wannan tone-tonen, daga baya ita ke aikowa a ce in kira ta tuno wani abu. Ashe kakana da matarsa ta fari sun bi ayari ta Maiduguri, suka shiga Chadi ta Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Abeche, suka faɗa Sudan ta El Geneina da El Fasher da El Obeid, in guzuri ya ƙare su tsaya su yi ƙwadago, sun yi shekara biyu suna tsintar auduga a Gezira kafin su tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Shekara bakwai tafi da dawowa. Sun binne ɗa namiji a hanya tsakanin Abeche da iyakar Sudan. Gwaggo ta bani labarin mahaifina ma, yadda ya koyi ɗinki, da yadda ya kwana biyu bai ci abinci ba kafin ya yanke shawarar sayar da gonar, da abin da yace mata, wai gona ƙasa ce, yaro kuwa mutum ne. Duk Litinin sai in fassara musu abin da na samo, jikokin Baba har suka fara cewa a basu labarin auduga. Gwaggo ta rasu a 2016, na cika littafi biyu da rabi daga bakinta.

Nasan wasu za su tambaya maganar addini. Eh ya taɓa gayyata ta, sau ɗaya, samarin nan biyu masu farar riga da ke yawon wa'azi na shekara biyu suka zo cin abinci, ya tambaye ni ko zan so in saurare su. Nace Baba ni Musulmi ne kuma a haka nake fatan in mutu. Yace na tambaya ne don abin da na fi ƙauna ne ba zan ɓoye maka shi ba, amma na ji amsarka. Bai sake ba. Akwai abubuwa da yawa a aƙidarsu da ban yarda da su ba, shi ma ya sani, mun sha tattaunawa ba tare da ɗaga murya ba. Mutumin nan duk Juma'a sai ya tada motarsa ya kai ni masallacin Khadeeja ya zauna a waje yana karatu har a idar, wata biyar yana haka har na ajiye sanda. Azumin 2014 ya faɗo tsakiyar zafi, muna kai awa sha shida da wani abu, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, su da suke cin abincin dare ƙarfe shida sai Mama ta ajiye nawa, shi kuma ya ƙi kwanciya ya zauna ya taya ni hira in sha ruwa. Su ba sa shan giya ba sa shan taba, kofi da shayi ma addininsu ya hana, amma da Mama ta gane Bahaushe da shayi sai Allah, ta sayo 'yar buta da kwalin Lipton ta ajiye a kicin ɗinta tace wannan naka ne.

Akwai ranar da na yi masa tambaya mai nauyi. Na karanta cewa har zuwa 1978 cocinsu ba ta ba baƙar fata matsayin limanci, ba sa shiga manyan ibadun haikalinsu. Nace Baba kana ina lokacin. Ya daɗe bai ce komai ba. Yace ina nan, ina da shekara talatin da tara, abin yana damuna amma ban taɓa buɗe baki ba, ranar da aka sanar a watan Yuni ina tuƙi na ji a rediyo na tsaya gefen titi ina hawaye, sai dai hawayen bai goge shirun da nayi ba. Bai kare kansa ba bai kawo uzuri ba. Na ƙara ganin girmansa a ranar, duk da maganar ta tsaya min a rai kwana da kwanaki.

Shekara uku nayi a gidan. A garejinsa ya koya min riƙe sifana, shi ya bani shawarar in yi kwas ɗin gyaran na'urar ɗumama gida da ta sanyi, aikin da nake ci da shi har yau. Da na je gida a 2017 nayi aure, na tsaya a kan kabarin mahaifina, hoton farko da na tura wa Baba na gonar ne don ya ce yana son ganinta. Da matata ta iso Mama ce ta koya mata shiga bas da sayayya. Lokacin da mantuwa ta fara kama Mama, shi ke taje mata kai, ya zauna yana ba ta labarin ranar da suka haɗu a wurin rawa kamar yau ta fara ji, wata rana sau uku a wuni, kuma kowane karo sai ya cire tabarau.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi. Na je asibiti kwana biyu kafin ya cika, muryarsa ta dushe, ya riƙe hannuna yace yaron da aka binne a hanyar Sudan, ka samo sunansa? Nace a'a Baba, Gwaggo ma ta manta. Yace ci gaba da tambaya.

An yi jana'izarsa a cocin unguwarsu, an sa masa fararen kaya irin na ibadarsu, 'ya'yansa suka tashi ɗaya bayan ɗaya kowa da labarin da zai bayar, ana kuka ana dariya. Babbar 'yarsa tace in yi magana, na tashi na faɗi labarin kwanon miya da matakala, ban iya ƙarasawa ba. Na san iyakar da addinina ya sa min a kan addu'a ga wanda ba Musulmi ba kuma ban tsallake ta ba, lamarinsa yana hannun Allah da ya halicce shi, ni dai shaidar abin da ya yi min nake bayarwa. Bayan an dawo daga maƙabarta matan cocin suka kawo abinci, har da dankalin nan da cuku da suke yi duk ranar jana'iza, sai ga wata jikarsa ta kawo min faranti daban tace Kaka ya taɓa ce mana naka ba a haɗa shi da naman alade.

Mama tana gidan babbar 'yarta yanzu, ba ta gane ni sosai amma in nace Mama sai ta yi murmushi. Yarana biyu, duk daren Litinin bayan isha'i muna kashe talabijin in ɗauko littafin Gwaggo, babban har ya haddace garuruwan tun daga Maiduguri zuwa Jidda. Watan da ya wuce ƙanina ya ce an yi masa kwatancen wata tsohuwa a Bakori, wai jikar ƙanwar matar kakanmu ta fari ce, mai yiwuwa ta san sunan yaron. Na tura masa kuɗin mota, ranar Asabar zai je.